Muren, babban kifin ramin murjani

Kun san murjani, jan dutsen nan mai tsada da mata ke sawa a wuya ranar buki, wanda uwa kan aje ta bar wa ɗiyarta. To, da yawa cikinmu ba su san inda yake fitowa ba. Murjani na gaskiya ba a haƙa shi a ƙasa kamar zinariya. Daga cikin teku ake tsamo shi, kuma wata ƴar ƙaramar halitta ce mai rai take gina shi.

Karatunmu na yau can gidan murjani za mu yi shi, a ƙarƙashin ruwan teku. Akwai wani babban kifi da ke zaune cikin ramukan gidan nan. Da Faransanci ana ce masa muren. Mu ba mu da sunansa da Hausa, tun da ba mu da teku, don haka da wannan suna za mu yi ta kiransa. Ku faɗe shi sau biyu ko uku har bakinku ya saba: muren. Amma kafin mu ga mai gida, bari mu fara ganin gidan.

Gidan murjani

Ku tuna da gara. Ƴar ƙarama ce, amma in suka taru sai su gina suri wanda ya fi mutum tsawo. Haka halittar murjani take. Jikinta taushi gare shi, bakinta ɗaya, da ƴan hannuwa kewaye da bakin. Takan tsotsi farar ƙasar da ke narke cikin ruwan teku, ta gina wa kanta ɗan ƙoƙo mai tauri ta zauna ciki. In ta mutu ƙoƙon na nan. Sai ƴan baya su yi nasu ginin a kansa. Yau da gobe, shekara ɗari, shekara dubu, sai ga tudu guda ya tashi a ƙarƙashin ruwa.

Murjani iri-iri ne. Jan nan na wuya mafi yawansa daga Bahar Rum ake samo shi. Masu gina tudu kuwa dabam suke. Su ruwa mai ɗumi suke so, garai-garai, marar zurfi, inda hasken rana ke kaiwa. Saboda haka a tekunan ƙasashe masu zafi ake samunsu. Mafi girman gininsu yana gefen ƙasar Ostiraliya, tsawonsa kamar kilometir 2300.

Akwai kuma irinsa a Bahar Maliya, tekun da ya raba Afirka da ƙasar Makka. Duk alhajin da ya sauka Jidda ta jirgin sama ya ƙetare shi. Kakanninmu da suka tafi da ƙafa ta Cadi da Sudan, a bakinsa suke tsayawa, a garin Sawakin, su jira jirgin ruwa. Tsofaffin gidajen Sawakin da na tsohon garin Jidda da dutsen murjani aka gina su. Yanko shi ake yi daga bakin teku kamar tubali.

In da za a tsaga tudun murjani, da kun ga kamar an tsaga suri: ramuka, da lunguna, da ƴan hanyoyi suna shiga juna. Ko'ina akwai mai rai a ɓoye. Masana sun ce in aka raba ƙasan teku kashi 100, tudun murjani bai cika kashi 1 ba. Amma in aka raba ire-iren halittun teku kashi 4, wajen kashi 1 a nan suke samun ci da makwanci. Wato birni ne, sauran teku kuwa daji.

Mai gidan

Ranar da na fara ganin hoton muren, cewa na yi maciji ne. Kai ɗai ya leƙo daga rami, baki a buɗe, haƙora kamar ƙusa, ƴan idanu ƙanana suna kallon mutum. Ashe kama da wane ba ta wane. Muren kifi ne. A cikin ruwa yake numfashi kamar kowane kifi, ba ya fitowa shan iska, kuma ba shi da dafin sara irin na kububuwa ko gamsheƙa.

In kuna son ku gane siffarsa, ku tuna da gaiwa, ku ƙara mata tsawo da kauri sosai. Jikinsa ba ɓawo, sai fata mai kauri da yauƙi kamar ta tarwaɗa. Yauƙin nan shi ke sa ya sulale cikin matsattsen rami ba tare da kaifin murjani ya yanke shi ba. Ƴan fukafukan nan biyu da kifi ke da su a gefen ƙirji, shi ba shi da su. Sai dai wani dogon geza da ya taso daga bayan kai, ya bi gadon baya, ya zagaya wutsiya. In zai yi iyo sai ya riƙa lanƙwasa jiki dama da hagu.

Dangin muren sun kai iri 200. Wanda muke magana a kansa shi ne babbansu wajen nauyi. Yakan kai metir 3, wato kamu shida ke nan. Nauyinsa yakan kai kilo 30, ya fi rabin buhun siminti. Akwai wani ɗan'uwansa da ya fi shi tsawo, yana kusan metir 4, amma siriri ne, bai kai shi jiki ba. Launin babban muren ƙasa-ƙasa ne, da ɗigo-ɗigon baƙi. Daga bayan kai ɗigon kan yi girma har ya yi kama da zanen damisa. A gefen wuya yana da wani baƙin tabo, a tsakiyar tabon akwai ƴar kafa. Ku riƙe ƴar kafar nan, za mu komo kanta.

Wani likitan soja ɗan ƙasar Holan, sunansa Pieter Bleeker, shi ya rubuta bayaninsa cikin littafin masana a shekarar 1859. A tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya yake aiki, shi ya sa har yau masana ke kiransa muren na Jaba. Amma ba can kaɗai yake ba. Akwai shi tun daga Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta gabas, cikin Tekun Indiya, har tsibiran Tekun Pasifik masu nisan gaske. Tekun da fatakenmu ke gani a Kwatano da Lome wani ne dabam, babu wanga iri a cikinsa.

Yaya aka yi kifin da ke zaman rami ya bazu haka? Ta wajen ƴaƴansa. Ƙwan muren a ruwa yake yawo. In ya ƙyanƙyashe, ɗan ba ya kama da uban ko kaɗan. Falle ne siriri kamar ganye, kuma garai yake kamar gilashi, ana ganin abin da ke bayansa. Haka igiyar ruwa za ta yi ta tafiya da shi wata da watanni. Sannan ya sauka kan wani tudun murjani, ya sake kama, ya nemi raminsa.

Don me bakin yake a buɗe?

Abin da ya fi ba mutane tsoro shi ne bakin. Kullum muren yana buɗe baki yana rufewa, yana buɗewa yana rufewa, kamar mai shirin cizo. To, numfashi ne yake yi.

Kun san in aka ɗaga marfin da ke gefen kan karfasa, akan ga wasu jajayen abubuwa kamar matsefi. Da su kifi ke numfashi. Ruwa ya shiga ta baki, ya bi ta kansu, ya fita ta ƙarƙashin marfin. Muren ba shi da wannan babban marfi, sai ƴar kafar nan da na ce ku riƙe. Dole sai ya yi ta guntsar ruwa da baki yana tura shi baya, kamar maƙeri da zuga-zugi. In ya daina, numfashi ya tsaya. Shi ke nan sirrin buɗe bakin.

Da rana yana cikin rami, mafi yawa da dare yake fita neman abinci. Idonsa ba shi da ƙarfi, amma hancinsa akwai ji. Yana da wasu ƴan bututu biyu a kan hanci, da su yake bin ƙanshin abinci cikin duhu. Kifi yake ci, wani lokaci da ƙaguwa. In ya ga mutum yakan ja da baya ya shige rami, ko ya tsaya yana kallo kawai.

Kada ku ce na ce ba ya cizo. Yana cizo, kuma cizon ba kyau. Haƙoransa sun karkata baya, in suka shiga nama ba su fita da sauƙi. Mutum kuwa in an cije shi fizge hannu yake yi, sai naman ya yage. Ciwon kuma yana saurin ruɓewa in ba a je likita ba. Amma ku duba waɗanda yake cizo. Mai nutso da ya tura hannu cikin ramin da bai ga ƙarshensa ba. Masunci da ya kama shi a fatsa yana son cire ƙugiya. Sai kuma masu yawon buɗe ido da ke ba shi abinci da hannu don a ɗauke su hoto.

A ƙasar Tailan an yi haka. Wani mai nutso ya saba kai wa wani babban muren ƴan guntayen nama dogaye masu siffar yatsa. Wata rana yana kiciniyar buɗe ledar naman, kifin ya ji ƙanshi ya matso. Da ma na ce muku ba ya gani sosai. Sai ya kama babban yatsan mutumin ya gutsure. Daga baya likitoci suka ciro yatsan ƙafarsa suka dasa masa a hannu. Ni dai a nan ban ga laifin kifi ba.

Mugun sunan muren tsoho ne. A zamanin Rumawa, fiye da shekara 2000 da suka wuce, masu arziki suna kiwon wani ɗan'uwansa na Bahar Rum cikin tabkin gida. An rubuta labarin wani attajiri, Vedius Pollio, wanda in bawansa ya yi laifi sai ya sa a jefa shi cikin tabkin. Wata rana sarki Ogusta ya zo cin abinci gidansa, wani bawa ya fasa kofin ƙarau. Mai gida ya ce a jefa shi. Bawan ya faɗi gaban sarki. Sarki ya sa aka sake shi, kuma ya sa aka farfasa sauran kofunan mai gidan duka a gaban idonsa.

Baki cikin baki

Yanzu ku gyara zama, ga abin mamaki. Muren muƙamuƙi biyu gare shi. Akwai na waje wanda kowa ke gani. Akwai kuma wani can cikin maƙogwaro, shi ma da nasa haƙora.

Kifaye da yawa suna da haƙora a maƙogwaro, har karfasa tana da su. Amma nasu a wuri ɗaya suke zaune, niƙa kawai suke yi. Kuma mafi yawan kifaye zuƙar abinci suke yi. Kifi ya wangame baki farat ɗaya, ruwa ya ruga ciki, ya tafi da abin da ke gabansa. Muren bai iya zuƙa sosai ba. Wanda ke cikin matsattsen rami ina ya ga filin kumbura kai? To, in ya kama kifi mai santsi yana fizge-fizge, ga shi ba hannu, yaya zai haɗiye? In ya buɗe baki don ya gyara kamu, ai abincin ya gudu.

A shekarar 2007 wasu masana biyu na wata jami'a a Kalifoniya ta Amurka, Rita Mehta da Peter Wainwright, suka ba da amsa. Sun sa wani ƙaramin muren cikin akwatin gilashi, suka ɗauki hotonsa yana cin abinci da na'ura mai saurin gaske, suka kuma yi masa hoton ƙashi irin na likita. Ga abin da suka gani. Bakin waje ya kama kifi ya riƙe. Nan take muƙamuƙin ciki ya taso daga maƙogwaro, ya zo har cikin baki, ya cafki kifin. Sannan bakin waje ya saki, na ciki ya koma baya yana jan abincin zuwa ciki. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Kamar mai jan guga ne: hannu ɗaya ba ya sakin igiya sai ɗayan ya kama.

In abincin ya fi ƙarfin loma ɗaya kuma, wasu muren suna da wata dabara. Sai ya ƙulla jikinsa kamar igiya, ya zaro kansa ta cikin ƙullin da ƙarfi, naman da ya ciza ya yage.

Duk da haƙoran nan, akwai mai shiga bakin muren ya fito lafiya. Wani ɗan kifi ne kamar tsawon yatsa, mai baƙin zane a gefe. Sana'arsa tsince ƙwari da mataccen nama daga jikin manyan kifaye, kamar yadda carki ke yi wa shanu. Muren yakan buɗe masa baki ya tsaya cik. Ɗan kifin ya shiga tsakanin haƙora ya yi sakace, ya fito. Shi ya ƙoshi, mai baki ya huta.

Farautar haɗin gwiwa

A Bahar Maliya akwai wani kifi ja mai ɗigon shuɗi, siffarsa kamar giwan ruwa. Mutanen Jidda suna ce masa najil, kuma yana cikin kifaye masu tsada a kasuwarsu. Najil da rana yake farauta, a fili, kuma akwai shi da gudu. Amma in ƙaramin kifi ya shige ramin murjani, shi ke nan, najil ba ya iya binsa. Muren kuwa rami ne gidansa, amma in kifi ya fita fili ya tsere masa.

Wani masani mai suna Redouan Bshary da abokan aikinsa sun daɗe suna nutso a gaɓar Masar suna bin najil a baya. A shekarar 2006 suka buga abin da suka gani. In najil ya ji yunwa, sai ya tafi ramin da muren ke kwance. Ya tsaya gaban fuskarsa, ya riƙa girgiza kai da sauri. Wannan ita ce gayyata. Wani lokaci muren ya ƙyale shi. Wani lokaci kuwa sai ya fito, su jera tare kamar abokan tafiya. Muren ya shiga ramuka, najil yana shawagi a sama.

Ku sa kanku a matsayin ƙaramin kifi. In ka zauna a rami, ga muren. In ka fita, ga najil. Wanda ya taɓa farautar gafiya ya san wannan: ɗaya yana tura hayaƙi a rami, ɗaya yana tsaye a ɗaya bakin da sanda.

Har ma in kifi ya tsere wa najil ya ɓuya, najil yakan tsaya daidai kan ramin, kansa ƙasa wutsiya sama, yana girgiza kai. Nuni ne yake yi, wato ga shi nan ciki. Masanan sun lissafa, suka ga najil da ke tare da muren yana samun kamu kusan ninki biyar na wanda ke farauta shi kaɗai. Sun kuma gwada wani abu. Suka ba najil abinci ya ƙoshi, sai bai je kiran kowa ba.

Amma fa ba a rabo. Wanda ya kama shi ke haɗiyewa gaba ɗaya, ɗayan ya haƙura sai wani karo. Kuma ba a gan su suna faɗa a kan haka ba. Masanan suna ganin abin da ya sa tafiyar ta ɗore ke nan: loma ɗaya ce, kafin a yi gardama ta wuce. Ni da na karanta wannan sai na yi dariya, na tuna yadda farautar samari take ƙarewa in aka zo rabon zomo ɗaya.

Inda haɗarin yake

Kifi mai kilo 30 nama ne mai yawa, ga kuma mai. Duk masuncin da ya kama shi zai ji kamar ya yi sa'a. To, a nan ne muren ya fi cutar da mutane, bayan ya mutu, yana cikin tukunya.

Ga yadda abin yake. A kan tudun murjani akwai ciyayin ruwa. A jikin ciyayin akwai wata ƙwayar gansakuka ƴar mitsitsi, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wannan ƙwaya tana da guba. Ƙananan kifaye masu kiwo suna cin ciyawar, su haɗa da ita. Gubar ba ta kashe su, kuma ba ta saurin fita daga jikinsu. Matsakaicin kifi ya ci ƙanana ɗari, ya tara gubar ɗari. Babban muren ya ci matsakaita shekara da shekaru, ya tara ta duka. Kamar asusu ne da ake ta zubawa ba a fasawa. Saboda haka mafi girman kifi shi ya fi haɗari. Gubar ta fi taruwa a hanta da kayan ciki da kai, amma akwai ta a cikin tsoka ma.

Sunan ciwon sigwatera. Ba muren kaɗai ke jawo shi ba, akwai wasu manyan kifayen murjani, amma babban muren yana sahun gaba. Dubban mutane suna kamuwa da shi kowace shekara, mafi yawa a tsibiran Pasifik, da na Karebiyan, da na Tekun Indiya.

Ku lura da wannan da kyau. Mu mun saba in kifi ya lalace hanci zai gaya mana, in kuma aka dafa abu ya dahu an kashe cutar da ke ciki. Wannan guba ba haka take ba. Kifin sabo ne fil, yanzu aka fid da shi daga ruwa. Ba wari, ba ɗaci, launinsa bai sake ba. Dafuwa ba ta kashe gubar. Suya ba ta kashe ta. Banda, da shanya, da gishiri, da sanyin firigo, duk ba su taɓa ta. Mutanen tsibirai suna da nasu gwaje-gwaje. Wasu su ce in ƙuda ya ƙi sauka kan naman akwai guba. Wasu su sa kuɗin azurfa a ciki su ga ko zai yi baƙi. Da masana suka gwada, sai suka ga ba abin dogara ba ne.

Bayan ƴan awoyi da ci, sai amai da zawo da ciwon ciki. Sannan leɓe da harshe da yatsu su riƙa yi kamar ana tsira allura. Jiki ya mutu. Ƙaiƙayi ya taso, har a tsibirin Sabuwar Kaledoniya sunan ciwon ke nan da Faransancinsu, wato susa. Wani ya ji kamar haƙoransa za su zube, alhali suna nan daram. Alamar da ta fi ban mamaki ita ce ta sanyi. Marar lafiya ya taɓa ruwan randa, ya ji kamar ya taɓa wuta. In abin ya yi tsanani zuciya takan rage bugu, numfashi ya yi wuya. Mafi yawan mutane suna tashi, amma akwai masu mutuwa. A tsibirin Saipan, a shekarar 1949, mutum 57 suka taru suka ci wani babban ɗan'uwan wannan kifi. Da yawa suka kwanta rai a hannun Allah, biyu suka rasu.

Har yau ba a samo makarin gubar ba. Likita yakan ƙara wa mutum ruwa, ya tsai da amai, ya lura da zuciya da numfashi, har jiki ya fid da ita da kansa. Wani ya warke cikin kwanaki, wani ya yi watanni yana fama. Kuma akan hana shi kifi da gujiya da giya na wani lokaci, don suna iya tayar da ciwon.

Don ku san ƙarfin gubar, ga wani lissafi. Masanan ƙasar Japan da na tsibirin Tahiti sun so su ga ainihinta. Suka tara babban muren har kilo 4000. Suka fid da kayan cikinsa kilo 125. Suka yi ta tacewa, suna tacewa. Abin da ya rage musu na tsantsar guba bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Da wannan ɗan abin suka gano yadda take a shekarar 1989. Ku duba ƙanƙantar abin da ke kayar da ƙato.

Ba kowane muren ke da guba ba. Ya danganta ga tudun da ya yi kiwo. Wani gefen tsibiri lafiya lau, wani gefen kuwa ba a cin kifinsa, kuma masuntan wurin sun san haka. Sai dai wurin da yake lafiya bana yana iya ɓaci baɗi, kuma ruwa ba ya tsami banza. An lura ciwon yakan ƙaru bayan an lalata murjani, ko guguwa ta farfasa shi, ko an fasa shi don gina tashar jirgin ruwa. In murjani ya mutu ciyawa ce ke rufe shi, ciyawar nan kuwa ita ce mazaunin ƙwayar gubar.

Yanzu kuma ga zafi. In ruwan teku ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba na makonni, murjani yakan koɗe ya yi fari fat kamar ƙashi. In zafin ya daɗe sai ya mutu. An ga haka a tekuna da yawa a 1998, an sake gani a 2016, sannan a 2023 da 2024 abin ya fi na da faɗi. Kowane tudu da ya mutu, ƙananan kifaye sun rasa maɓoya, muren da najil sun rasa wurin farauta, ciyawa kuma ta samu sabon fili.

Cikinku akwai masu zuwa ci-rani, akwai masu ƴaƴa a bakin teku, wani ma aikin jirgin ruwa zai kai shi inda bai taɓa zato ba. In kun je ƙasar da ke da murjani, aka kawo muku kifin da ba ku sani ba, ku tambayi masuntan wurin kafin ku ci. Hanta da kayan ciki da kan babban kifin murjani, ku bar su. Babban muren kuwa, ko kyauta aka ba ku, ku yi godiya ku ƙyale shi. In kuwa an riga an ci, aka ji leɓe yana tsira, ko ruwan sanyi yana ƙuna, a tafi likita nan da nan. A gaya masa irin kifin da aka ci, da lokacin da aka ci shi, da sauran waɗanda suka sa hannu a kwanon.